Gorar Lemo a Tayar Baya

Laifin nawa ne, kuma gara in faɗa da bakina kafin Dije ta riga ni, domin ita ba ta iya ƙara wa labari gishiri ba, wannan labarin kuwa in babu gishiri ya fi muni.

Gorar lemo ce ta roba, wadda wani ya shanye ya jefar a bakin hanya. Na take ta da ƙafa ta baje, na cusa ta tsakanin tayar baya da ƙarfen keke, yadda muke yi muna yara a Illela. In taya tana juyawa tana goga robar, sai keke ya riƙa ruri kamar babur. Ba yabon kai ba, a duk unguwarmu babu wanda ya iya saita gorar nan kamar ni. Akwai ranar da wani ɗan kabu-kabu ya kauce mini a hanya har da ɗaga hannu yana ba ni haƙuri. Shekarata goma sha tara lokacin da na sake yin wannan wauta, da aure a kaina, a ƙasar da ba tawa ba.

Ga abin da ya kai mu. Matata Dije 'yar Ƙwanni ce, tana da kawu, Kawu Illo, a wani ƙauye can arewa da Barmou, cikin Adar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, har yau kunyarsu nake ji. Kawu bai zo bikinmu ba, ban taɓa ganinsa ba, Dije ma rabonta da shi tun tana yawo ba ɗankwali. Muryarsa kawai muka sani a waya. Wata rana ya kira ya ce an hana hawa babur a wajensu, kowa ya koma keke, kuma tun da ɗansa Sani ya rasu, rumfar gyaran keke ta kasuwa babu kowa a ciki. In na iso kafin kasuwar Laraba zai kai ni gaban mai gari, rumfa ta zama tawa.

Ban tambayi abin da ya kashe Sani ba. Dije ma ajali kawai aka ce mata. Ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne akwai gari guda da kekuna suka fi kaji yawa, kuma babu mai faci. A Illela mu masu faci bakwai ne a layi ɗaya, in taya ta sace a bakin titi sai ka ga mun tashi tare kamar an kira sallah.

Na haɗa kekuna biyu daga gawarwakin kekuna biyar. Nawa ya ɗauki akwatin sifana, famfo, tabarma da jarkar ruwa. Na Dije ya ɗauki tukunya, ƙullin kaya da buhun garin kwaki. Dije da keke ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta fi ni iya hawa, ko da yake wannan shi ne karo na farko da na yarda da haka a rubuce.

Daga Ƙwanni zuwa Tawa kwana biyu muka yi a kan kwalta. Manyan motocin albasa suna wuce mu da iskar da ke neman jefa mu cikin gona, su bar mana wari mu ci gaba da shaƙa har tsawon zango guda. Duk garin da muka ratsa sai an bar abin da ake yi an kalli mace a kan keke. A Badagishiri wani tsoho da ke zaune gindin bedi ya tsayar da ni.

"Yaro, wagga matarka ta?"

"Ita ce, Baba."

"To mi ta yi maka?"

Dije ta yi dariya har sai da ta sauke ƙafa ƙasa. Daga nan ta samu abin tsokana. Lokacin da nake neman aurenta na yi mata alkawarin babur ja mai madubi biyu, ita kuma ta raɗa mini suna Injiniya. Duk tudun dutse da muka hau muna haki, sai in ji muryarta a gabana: "Injiniya, ba shi wuta mana. Ko mai ya ƙare?"

Tawa ta ruɗa ni. Raƙuma, shanu masu ƙaho kamar reshen gawo, 'yan kabu-kabu, ma'aikata da jakunkuna, kowa yana jefa Faransanci cikin Hausa kamar yana zuba yaji. Muna hutawa kusa da kasuwar dabbobi sai ga wani mutum cikin farar shadda mai guga, da carbi a hannu. Ya ji maganata ya ce ai shi ma mahaifiyarsa 'yar Illela ce, har ya ambaci unguwar da ke bayan tasha. Kwana biyu kacal da barin gida, amma da na ji sunan unguwar nan sai na ɗauke shi ɗan uwa. Ya ce tayar kekensa ta sace, ga shi can bayan katangar nan, in ara masa famfo.

Na ba shi da hannu biyu.

Mun jira shi har la'asar. Na zagaya bayan katangar sau uku, babu keke, babu shadda, akuya ce kawai tana cin kwali.

"Mai gyaran keke ba famfo," in ji Dije. "Da baki za ka riƙa hurawa, Injiniya? Ko da yake bakin naka ya isa."

Wata mai fura, Inna Rabi, ita ta ga abin da ya faru tun daga farko. Ta dama mana fura ta ƙi karɓar komai, ta ce mu kwana a gidanta. Mace ce mai surutu, tana ba Dije labarin kowa da kowa a kasuwar, har ta tambayi inda za mu. Da Dije ta faɗi sunan ƙauyen, ludayin Inna ya tsaya cikin ƙwarya.

"Wa kuke da shi can?"

"Kawuna."

Ta ajiye ludayin. Sannan ta ce, "Ku tahi da rana, ku isa da rana. In kunka ji moto, kada ku tsaya duba ko wane ne. Ku yada kekunan ku shiga cikin hatsi ku kwanta."

Moto a bakinsu shi ne babur, kuma da kunnena na ji wannan magana. Ina so a san haka. Na ji ta, na gyaɗa kai, har na ce Allah ya tsare.

Washegari a shingen fita gari wani jandarma ya duba takardunmu, ya zagaya kekunan, ya ɗaga tayata ta baya ya juya ta da hannu yana saurare. Ya ce keke dai ba laifi, mu wuce. Daga nan hanya ta canza hali. Motoci suka ragu, sannan suka ƙare. Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsawo ya fi mutum a kan raƙumi, ya taso dama da hagu har hanyar ta koma kamar lungu. Kana jin muryar mutane a gona amma ba ka ganin kowa. In mun yi sallama sai muryar ta ɗauke.

Ƙaya ta huda tayar Dije kafin Barmou. Na yi faci, amma babu abin ba da iska, sai na cusa ciyawa da tsumma cikin tayar, muka lallaɓa tana tafiya kamar akuya mai ɗingishi. A Barmou wani maɗinki ya ara mini famfo, amma yana tsaye a kaina har na gama, ban kuma ga laifinsa ba. Dije ta kwana wurin matan gidan liman, ni a zaure.

Ranar Talata da safe muka kama hanyar ƙauyen Kawu, jar ƙasa da yashi. Wajen hantsi muka iske bukkar Buzaye a gefen hanya. Wata dattijuwa ta ba mu nono a akushi. Ba ta jin Hausa sosai, mu ba mu jin Tamashek. Da muka tashi ta riƙe hannun Dije, ta taɓa kunnenta da yatsa, ta nuna arewa, ta sake taɓa kunnen.

Tun daga nan Dije ta daina tsokanata. Ta tsaya sau biyu tana ɗaga waya sama ko za ta samu mahaifiyarta, babu layi. Na ce mata raƙumin can ya yi kama da yayanta, ba ta tanka ba. Na saki hannu biyu ina tuƙi, ba ta waiwayo ba. Da na matso kusa na ga tana share ido da bakin mayafi. Ni dai zan iya jure yunwa, zan iya jure rana, amma shirun Dije ya fi ƙarfina.

A nan na ga gorar, kore, a cikin yashi.

Na ce mata ta yi gaba zan gyara sarƙa. Na baje gorar, na saita ta, na hau. Ban taɓa samun wadda ta ba da murya kamar wannan ba. Ga taya mai manyan haƙora, ga hatsi dama da hagu yana mayar da amo. Na wuce Dije ina murɗa hannun keke ina cewa, "Hajiya, ga babur ɗin da na yi alkawari, madubin ne kawai bai iso ba."

Ta yi dariya. Wallahi ta yi, har da riƙe ciki, kuma wannan dariyar ita ce duk ribar da na ci. Sannan ta ce, "Cire abin nan, ka manta abin da Inna ta ce?"

"Inna moto ta ce. Wannan gorar lemo ce. Bari mu haye tudun can in cire."

Bayan tudun akwai rijiya. Jarkoki a jere, wasu cike, wasu rabi. Jaki biyu a tsaye da igiya a wuya. Guga yana lilo a bakin rijiyar, ruwa yana ɗiga daga gindinsa. Takalmin yaro ƙafa ɗaya a cikin laka. Babu mutum ko ɗaya.

Dije ta dube ni, na dube ta. Abin da ya zo mana a rai ɗaya ne: mutanen nan sun ji wani abu da mu ba mu ji ba, kuma abin yana kusa.

"Yi sauri," in ji ta.

Muka taka feda iya ƙarfinmu. Na manta da gora, kunnena ya riga ya saba da ita kamar yadda ake sabawa da kukan injin niƙa. Ina waiwaye ina duba ko ana bin mu. Gona bayan gona muna ganin kwando a yashe, lauje a ƙasa, karan hatsi yana motsi inda wani ya kutsa yanzu-yanzu. Duk inda muka doso an riga an gudu. Na ce a raina lalle suna gabanmu kaɗan, ko suna bayanmu kaɗan, na ƙara wuta.

Haka muka shiga ƙauyen Kawu. Rumbunan laka manya-manya, masallaci, rumfunan kasuwa. Tukunya a kan murhu tana tafasa. Turmi da taɓarya a ciki. Kaji kawai ke yawo. Dije ta ja birki a tsakiyar fili, ni ma na ja.

Ƙarar ta tsaya. Shirun da ya biyo baya har yanzu ina jin sa. Dije ta juyo a hankali, ba fuskata ta kalla ba, tayata ta baya ta kalla.

"Nasiru," ta ce. Tun da muka yi aure ba ta taɓa kiran sunana ba.

Kafin in sunkuya in cire gorar, hatsin da ke bayan masallaci ya buɗe. Maza ne, da baka, da gatari, da barandami. Na gabansu dogo ne mai furfura a gemu, da bindigar toka, bakinta a saitin ƙirjina. Zan so in ce na tsaya gaban matata na kare ta. Gaskiya ita ce na kwanta tun kafin a ce in kwanta.

"Ina sauran?" in ji mai bindigar.

"Mu biyu ne, Baba."

"Ina kunka ɓoye moton?"

"Babu babur, wallahi babu."

"Mu duka kurame muke? Kai aka turo ka duba gari?"

Wani ya taka mini wuya. Ina jin yashi a haƙorana. Sai na ji Dije tana magana a fili.

"Kawu. Kawu Illo, muryarka ta. Ni ce Dije, ɗiyar Hajo. Kai ka kira mu."

Bakin bindigar bai sauka nan da nan ba. Ya tambaye ta sunan kakanta, ta faɗa. Ya tambayi tabon da ke ƙafar Hajo, ta ce na hagu ne, ƙunar tafasasshen mai. Sai ya jingina bindigar da rumbu, ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

Mai gari, wani ɗan tsoho siriri, ya ce in nuna musu moton. Na ɗaga tayar baya na juya feda da hannu. Gorar ta yi ruri a tsakiyar gari. Wata mata da ta fara fitowa daga hatsi da goyo ta juya da gudu ta koma. Wani saurayi ya fara dariya, ya duba fuskokin mutane, ya haɗiye ta.

Mutane suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ƙaiƙayi a kai, ƙaya a ƙafa. Aka sa tsani aka fito da kakar Dije, Kaka Tamo, daga cikin rumbu, inda ake saka ta duk lokacin da aka gudu domin ba ta iya tafiya. Ta fito jiƙe da gumi, ta sa aka kawo ni gabanta, ta shafa fuskata.

"Wanga na sabon mijin namu? Ina ciki ina kalmar shahada, na ce yau mutuwa ta zo da rawani. Ashe da yagaggen wando ta zo."

Ita kaɗai ta yi mini wasa a garin, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Domin a lokacin ne wata mata ta fara zagayawa tana kiran Hassi. 'Yarta ce, shekara biyar. Tare suka shiga hatsi, hannunta ya kuɓuce.

Gari duka ya koma gona. Na tashi zan bi, aka ce in zauna, baƙuwar murya za ta ƙara korar ta. Na zauna gindin rumbu daga azahar har rana ta yi ja, ina jin ana kiran sunan yarinyar daga gabas, daga yamma, yana nisa yana dawowa. Dije tana zaune kusa da ni. Dab da magariba aka same ta, ba nisa, bayan gonar farko. Tana tsugune ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta ji duk kiran da ake yi. An koya mata in an gudu kada ta amsa wa kowa, ko da muryar uwarta ce.

Bayan sallar magariba mai gari ya kira ni, Kawu yana gefe.

"Yaro, ba mu ce ka yi da mugunta ba. Mun ga wauta ta. Amma in ka zauna garin ga, gobe in 'yan bindiga na gaske sunka zo, wani zai tsaya shi ce ko yaron Illo na da gorarshi. Wagga tsayawa ita ka kashe mutum."

Na fara rantsuwa cewa ba zan sake ba. Kawu ya ɗaga hannu.

"Sani yana cikin rumfa yana ba taya iska," ya ce. "Ya ji moto. Kowa ya gudu, shi ya tsaya shi gani ko mai son gyara na. Ba a faɗin irin wanga a waya, shi ya sa ban faɗa muku ba."

Ya tashi ya shige gida.

Laraba da safe kasuwa ta fara ci. Ina ɗaure kaya ina kallon mutane suna shigowa daga ƙauyuka, da yawa suna tura kekuna da tayoyi a sace, sarƙoƙi suna ja a ƙasa. Aikin wata guda ya wuce ta gabana kafin hantsi. Rumfar tana nan bakin fili, da kututturen zama da tsohuwar taya a rataye. Na ciro gorar na rasa inda zan jefa ta, sai na cusa ta cikin akwatin sifana.

Ba mu hau ba, tura kekunan muka yi har bayan gari. A nan Kawu ya cim mana. Ya ba Dije ƙullin gero da cuku, ya ce ta gaida Hajo. Ni bai dube ni ba, ya dai miƙo mini wani abu a naɗe cikin buhu. Famfo ne, baƙi, hannunsa na katako ya yi santsi saboda riƙo.

"Dije ta ce an sace naka," ya ce. "Mai gyara ba shi tahiya haka."

Ya juya ya koma.

Sai da muka wuce rijiyar nan, inda mata suka tsaya da jan ruwa suna bin mu da kallo, sannan Dije ta hau kekenta. Ni ma na hau nawa.

"Na yi dariya fa," ta ce. "Ni ma na yi dariya."

Ba mu koma Illela ba. Muna Tawa. Dije tana dama fura tare da Inna Rabi, ni ina faci a rumfar wani mutumin Maraɗi kusa da kasuwar dabbobi, da famfon Sani, wanda ba na ara wa kowa. Kwanan baya Kawu ya kira Dije, ta tambaye shi rumfar. Ya ce ba a samu mai gyara ba har yanzu, awaki ne ke kwana a ciki.